Ɗalibin Jami'a da Iyayensa: Wa Zai Fara, Mai Ba da Yarda ko Mai Nemanta?

Duk shekara idan JAMB ta saki sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai gardamar da ke tashi a gidajen Hausawa, kuma ba kasafai ake yin ta a fili ba. Yaro ɗan shekara 17 ko 18 zai saɓa jaka ya nufi Samaru, ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, ko Dundaye a Sakkwato, ko Maiduguri. Jiya ana tashinsa sallar asuba, ana tambayarsa inda za shi idan ya doshi zaure bayan magariba. Yau ba mai ganin shigarsa, bare fitarsa. Uba na cewa sai ya ga kamun ludayin yaro kafin ya sakar masa mara. Yaro kuma yana cewa, a zuci galibi, tunda ba a faɗa wa uba haka, yaya za a ga kamun ludayinsa alhali ba a miƙa masa ludayin ba?

Gardamar ta cancanci a zauna a yi ta da gaske, domin abin da ke lalacewa idan aka yi sake ya wuce digiri. Akwai gidajen da uba da ɗa suka daina haɗa ido har abada a kan abin da ya faru a shekarun jami'a. Bari mu fara da iyaye, tunda su ne manya.

Hujjarsu ta farko aljihu ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kwanon shinkafa da na wake suka yi tashin gwauron zabo, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a waccan shekarar. Uban da ke da ɗa a jami'a yau, idan manomi ne, buhunan masara yake fitarwa daga rumbu tun kafin su yi daraja. Idan ƙaramin ma'aikaci ne, albashin wata sukutum ke tafiya a rajista da kuɗin ɗaki. Uwa kuwa kwasar adashinta ce ke komawa garin kwaki da manja da yaji da ƙuli-ƙulin da ake cusawa a jaka. Duk wannan wahala suna zuba ta ne a wurin da idonsu ba ya kaiwa. A firamare da sakandare akwai katin sakamako da uba ke sa wa hannu, akwai taron iyaye da malamai. A jami'ar gwamnati babu ko ɗaya. Sakamako yana cikin shafin ɗalibi na intanet, lambar sirrin buɗe shi tana kan ɗalibin, jami'a kuma ba kasafai take neman uba ta ce ga halin da ɗanka yake ciki ba. Abin da yaro ya faɗa, shi kenan abin da gida ya sani.

Ƙaryar ɗalibi kuwa ba ta farawa da girma. Zangon farko ya faɗi kwas biyu, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Baba ya bugo waya: "Yaya jarrabawa?" Ya ce: "Alhamdu lillahi, Baba, an ci." A ransa zai gyara a zango na gaba, ba wanda zai ji. Sai dai kwas ɗin da aka faɗi hawa yake yi kan na shekara mai zuwa, nauyi ya ƙaru, lokutan lakca su ci karo, matsakaicin makin da ake kira CGPA ya yi ta zamewa. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke aiki da shi, wanda ya faɗo ƙasa da 1.00, a wasu jami'o'in ma 1.50, ana yi masa gargaɗi, idan bai farfaɗo ba a sallame shi. Akwai kuma iyakar shekaru: karatun shekara huɗu, a mafi yawan wurare, ba a barin mutum ya wuce shida a kansa. Duk wanda ya zauna a garin da ke da jami'a ya san irin yaran da aka sallama amma ba su koma gida ba. Suna nan a ɗakin haya, suna shiga makaranta da jaka a kafaɗa, ana turo musu kuɗin rajistar da ba za su yi ba, har ranar da sa'o'insu za su sa kakin bautar ƙasa.

Yajin aikin ASUU ya ƙara wa wannan ƙarya wurin ɓuya. Na 2020 ya ci kusan wata tara. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Da can uba na iya ƙirga shekara huɗu da yatsunsa ya ce ya kamata a ce ka gama. Yanzu lissafi ya rikice masa, duk jinkirin da aka jingina wa yajin aiki dole ya karɓa. Wanda kuma asirinsa ya kusa tonuwa, masu sayar da takarda na jiransa. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Uban da ya ji wannan labari a rediyo, da wane dalili za a ce masa ya yarda da baki kawai?

Ba karatu kaɗai ke hana iyaye barci ba. A Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC ya nuna yadda matasa maza da mata ke kwankwaɗarsa, kuma Kano na cikin garuruwan da rahoton ya leƙa. Tiramol bai ɓace ba. Cacar ƙwallo ta bar shago ta koma cikin waya, yaro na iya ƙarar da kuɗin rajista yana kwance a katifarsa. Sai kuma tsaro. A Afrilun 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗaliban Jami'ar Greenfield da ke hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka kashe wasu daga cikinsu. A Satumban 2023 suka shiga gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, yawancin waɗanda suka ɗauke mata ne. Uwar da ta bugo da ƙarfe goma na dare tana tambayar "Kina ina?" ba lalle zargi take yi ba. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ita ce za ta fara neman inda za ta dosa.

Masu wannan ra'ayi suna da madogara a addini. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, an umarci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su, kada su miƙa musu dukiyarsu sai sun ga alamar hankali da iya riƙo a tare da su. Idan dukiyar da take ta maraya ce halak malak sai an gwada shi kafin a danƙa masa, ina ga dukiyar uban da ke raye yana zubar da gumi a kanta?

To amma ɗalibai ma suna da ta cewa, kuma idan aka saurare su da kunnen basira maganarsu na da nauyi.

Suna cewa ƙasa ta yarda ɗan shekara 18 ya zaɓi shugaba. Sa'ansu da bai yi boko ba yana riƙe da shago a Kantin Kwari, ko yana da mata da ɗa a ƙauye, ba mai binsa da tambaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora Usama ɗan Zaidu a kan runduna mai ɗauke da manyan sahabbai alhali yana matashi ƙwarai. Me ya sa sai ɗan jami'a ne kaɗai za a riƙa ɗauka yaron goye? Mutum ba ya koyon riƙon kai idan kullum wani ne ke riƙe da shi, kuma jami'a ita ce wurin da ya kamata ya yi ƙananan kura-kurai ya gyara da kansa, kafin ya kai inda kuskure ke cin aure ko aiki.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, a gidaje da yawa gaskiya ta fi ƙarya tsada. Yaron da ya ce "Baba, na faɗi kwas biyu" ya san abin da zai biyo baya: faɗa a gaban ƙanne, gori da ɗan maƙwabci, datse kuɗin abinci, wani lokaci har barazanar baki. Wanda ya ce "an ci" kuwa sai a sa masa albarka, a ƙara masa na mota. Yaro ba wawa ba ne. Ya ga wadda ake saye da wadda ake duka a kanta, ya zaɓa. Sau nawa kuma uba ne da kansa ya shuka faɗuwar, ya rantse sai ɗansa ya zama likita ko injiniya, alhali zuciyar yaron tana kan tarihi ko aikin jarida ko nazarin Hausa? Irin wannan yaro idan ya faɗi, jarrabawa ce kawai a takarda, amma a gida burin uba ne ya rushe, shi ya sa bakinsa ke nauyi.

Maganar kuɗi ma haka take. Iyaye suna kukan ana kumbura musu lissafi, handawut na dubu biyu ya zama na biyar, a ƙirƙiro kuɗin firaktikal da babu shi. Ana yi, kuma ba daidai ba ne. Amma ɗalibi zai ce maka Baba yana lissafi ne da farashin shekaru uku da suka wuce, kuma ba ya ɗaukar data a matsayin buƙata, alhali rajista da aikin gida da sanarwar sauya lokacin lakca duk ta waya suke zuwa. Idan ka ce kuɗin data ko sabulu ko aski za a ce almubazzaranci. Idan ka ce littafi za a bayar. Sai komai ya koma littafi.

Inda na fi jin zafin maganar ɗalibai shi ne wajen 'ya'ya mata. Namiji zai yi wata uku ba a san inda yake kwana ba, a ce ai namiji ne. Mace kuwa ya isa wani ɗan unguwa ya ce ya gan ta tsaye da namiji a bakin laburare. Ba a tambaye ta ba, ba a bincika ko ɗan ajinsu ne suke maganar aikin rukuni ba, sai a ce ta tattaro kayanta, a fara zancen miji. Yarinyar da ta yi shekara biyu tana tashi ƙarfe biyar ta nemi ruwa a hostal, ta ruga ta kama kujera a ɗakin lakca mai ɗaukar ɗaruruwa, karatunta ya mutu a kan "an ce". Alhali masu ƙarar da kuɗin makaranta a caca galibi 'yan'uwanta maza ne. Ɗalibai mata suna tunatar da iyaye cewa Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, kuma su ma mutane ne. Gidan da ke zargin 'yarsa tun kafin ta yi laifi yana koya mata abu ɗaya ne: ta ɓoye komai, har abin da ba laifi ba, har malamin da ke matsa mata, wanda shi ne ya fi buƙatar gida ya sani da wuri.

Akwai kuma wani abu namu na gida da ke dagula lamarin, wato kunya. A gidaje da yawa, musamman tsakanin uba da ɗan fari, hira ba ta wuce gaisuwa. Yaro ya durƙusa: "Ina kwana, Baba." "Lafiya lau, yaya karatu?" "Alhamdu lillahi." An gama. Ta wace ƙofa mugun labari zai shiga cikin wannan gaisuwa? Sau da yawa uwa takan sani, amma ta rufa, ta ce kada Alhaji ya ji, jininsa zai hau. Tausayi ne, ba shakka, sai dai tausayin nan ne ke ba ƙarya shekara biyu ta yi jijiya.

Idan aka ɗora hujjojin nan a sikeli, a ganina ɗalibi ne ya kamata ya fara. Ban ce haka don shi ne ƙarami ba. Na ce haka ne don labarin yana hannunsa. Uba ba shi da hanyar ganin sakamako ko rasit ko ɗakin kwana, shi kuwa ɗalibi da danna waya sau biyu zai nuna duka. Wanda ke riƙe da hujja ya ƙi fito da ita, ba shi da bakin cewa ba a yarda da shi ba.

Shi kansa yaron shagon Kantin Kwari da ɗalibai ke kafa hujja da shi, ai ba ranar da ya zo aka miƙa masa makulli ba. Da aike ya fara, ya dawo da canji daidai. Aka bar masa shago na awa guda, aka dawo aka ƙirga yadi, ba abin da ya ɓata. Aka fara tura shi banki, daga baya aka tura shi Legas sarin kaya, bayan shekaru aka sallame shi da jari. Kuma duk ɗan kasuwa zai gaya maka ranar da yaro ya fi hawa a idonsa ita ce ranar da ya yi asara ya zo da bakinsa ya faɗa kafin a gano.

Saboda haka sakamako shi ne na farko da ya kamata ɗalibi ya buɗe, kowane zango, ba sai an tambaya ba. Idan mahaifi bai yi boko ba, a zauna a yi masa bayani da Hausa: daga maki 4.50 digiri mai daraja ta ɗaya ne, daga 3.50 ta biyu babba, daga 2.40 ta biyu ƙarama, daga 1.50 ta uku, ni kuma ga inda nake. Mutumin da ke iya lissafin buhu ɗari da ka ba zai kasa gane wannan ba. Amfanin faɗa da wuri a bayyane yake. Faɗuwar da aka sanar a aji ɗaya tana da magani: a rage nauyin kwasa-kwasai, a nemi sauya sashe, ko a sake zana JAMB yaro yana ɗan shekara 19. Wadda aka ɓoye har aji huɗu ta cinye kuɗi, ta cinye shekaru, ta kuma cinye yarda, wadda ita ce ta fi wuyar dawowa.

A kuɗi ma a nuna rasit ɗin Remita, a kira data da sunanta ko da za a yi faɗa. Yanzu ma akwai sabuwar jarrabawa. Tun 2024 asusun NELFUND yana biya wa ɗaliban da suka nemi rance kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba su naira 20,000 a wata, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ɗalibin da ya ci wannan bashi bai gaya wa gida ba, ya kuma karɓi kuɗin rajista a hannun Baba, ya ci amana biyu a zama ɗaya. Batun wurin kwana kuwa, a halin tsaron da muke ciki bai kamata ma a yi gardama a kansa ba. Gida ya san sunan hostal ko unguwar haya, ya san lambar abokin ɗaki, kuma ba a hawa babbar hanya zuwa bikin ƙawa ko aboki a wani gari ba tare da an sanar ba.

Idan na tsaya nan na zalunci ɗalibai, domin matakin farko ne kawai nasu. Na biyu na iyaye ne, kuma shi ne ke yanke ko za a yi na uku. Ranar da ɗa ya fara kawo mugun labari da bakinsa, uban ne ke zaune a ɗakin jarrabawa. Yana da damar ya ji zafi, yana da damar ya yi faɗa, amma a keɓe, kuma a ƙare da "To yanzu me za mu yi?" Idan ya mai da wannan rana ranar tozarci, ba zai sake jin gaskiya daga wannan yaro ba, ƙannensa da ke leƙe ta taga ma sun ɗauki darasi. Haka kuma haƙƙin sanin sakamako da kuɗi da wurin kwana bai haɗa da ƙwace waya a karanta saƙonni ba, bai haɗa da naɗa ɗan unguwa ya zama ɗan leƙen asiri ba. Uban da ke son sanin halin ɗansa ya hau mota ya je makarantar sau ɗaya a shekara, ya ga ɗakin, ya gaisa da malamin da ke kula da ajinsu, ido na ganin ido. Yaron da ya yi zango biyu lissafinsa na fita daidai kuma a ƙara masa igiya, a fara ba shi kuɗin zango gaba ɗaya ya sarrafa, a rage tambaya. Kuma mudun da aka auna wa namiji, da shi za a auna wa mace.

Akwai gidajen da duk wannan magana ba za ta shiga ba, inda yarinya ta san kari-oba ɗaya na iya zama ƙarshen karatunta. Ba zan ce mata ta je ta tsaya gaban mahaifinta ita kaɗai ba. Amma ba zan ce ta ɓoye ba. Al'adarmu ta tanadi kamun ƙafa don irin wannan rana: goggo, kawu, babban yaya, kaka, ko limamin unguwa, duk wanda uba ke jin nauyinsa. Labarin da ya shigo ta bakin kawu tare da shawarar gyara daban yake da wanda ya shigo ta bakin maƙwabci bayan shekara uku.

Ɗalibi, hutun ƙarshen zango na nan tafe. Ka buga sakamakonka a takarda, yadda yake, ka haɗa da rasit, ka kai wa mahaifinka kafin ya tambaya. Kai kuma Baba, idan ya miƙo maka, ka karanta har ƙarshe, ka saurari bayaninsa, sannan ka yi magana.